Uzurin "Babu Kuɗi" Da Makarantun 'Ya'yan Talakawa

Muna so a wannan wata mu tsaya tare da 'yan'uwa a kan wata kalma guda wadda mahukunta suka daɗe suna rufe bakin jama'a da ita, duk lokacin da aka tambaye su halin da makarantun gwamnati suke ciki. Kalmar kuwa ita ce "babu kuɗi".

Daga watan Maris zuwa watan Yuli na shekarar 2025, makarantun firamare na gwamnati da ke ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya, Abuja, sun kasance a rufe. Fiye da wata uku malamai suna yajin aiki, yara suna zaune a gida ko suna gararamba a titi, saboda ba a biya malaman mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu tun watan Yulin 2024 ba, ga kuma bashin ariyas da ya taru. Amsar shugabannin ƙananan hukumomin ita ce abin da ke shigowa ba ya isa. Da tura ta kai bango, Ministan Birnin Tarayya, Nyesom Wike, ya shiga tsakani, aka yi yarjejeniyar ɗibar kashi 10 cikin ɗari na harajin cikin gida na wata shida da ƙananan hukumomin suke da shi domin a rage bashin, malamai suka koma aji. Wato dai kuɗin da aka yi wata uku ana cewa babu, sai ga shi ya bayyana ranar da aka ga dama. Wannan fa a Abuja ke nan, ƙarƙashin idon Fadar Shugaban Ƙasa da Majalisa da 'yan jarida. To ina ga makarantar da take ƙauyen da mota ba ta shiga da damina?

Wannan uzuri ba sabo ba ne, kuma yana da kyau matasanmu su san asalinsa. A watan Satumbar 1976 gwamnatin soja ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka sani da UPE, a lokacin da kuɗin man fetur ke malala. An gina azuzuwa, an ɗebi malamai cikin gaggawa, yara suka yi dafifi fiye da yadda aka ƙiyasta. Ba a yi shekara shida ba farashin mai ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shigo da tsimi da tanadi a 1982, Gwamnatin Tarayya ta zare hannunta daga ɗaukar nauyin firamare, jihohi da yawa suka dawo da kuɗin makaranta da sunaye iri-iri. A 1986 Janar Ibrahim Babangida ya kawo shirin SAP, aka karya darajar naira, albashin malami ya zama abin dariya. A 1988 aka kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa domin a tsare albashin malamai, abubuwa suka ɗan daidaita. A 1991 aka rushe ta, aka miƙa makarantun kacokan ga ƙananan hukumomi, da hujjar cewa su ne suka fi kusa da jama'a. Abin da ya biyo baya dattawan malamai ba su manta ba: watanni babu albashi, yajin aiki a kan yajin aiki, ƙwararrun malamai suka watse zuwa kasuwa da gona. Sai a 1993 aka sake dawo da hukumar, bayan ɓarna ta riga ta auku. A kowane mataki na wannan tarihi an kawo hujja mai daɗin ji, kuma a kowane mataki ɗan talaka ne ya biya kuɗinta.

Abin da ya bambanta yau da wancan zamani shi ne, yanzu da wuya ka ji wani gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ya fito ya ce ya rage kason ilmi. Bal ma alƙaluman kullum hawa suke yi a kan takarda, kuma da su ake yi wa jama'a ado a rediyo. Yankan yana zuwa ne ta bayan gida. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta wuce kimanin naira 460 ba. Cikin 2024 ta haura naira 1,500. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari bisa ƙididdigar hukuma. Ke nan hukumar ilmin da aka ƙara wa kasonta da kashi 10 ko 15 cikin ɗari a irin wannan shekara, haƙiƙa rage mata aka yi, domin siminti da kwanon rufi da katako da alli da takarda ba su jira ta ba. Naira 30,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2019 ta haura dala 80 a lokacin. Naira 70,000 ta 2024, wadda aka yi ta buga ganga a kanta, ba ta kai dala 50 ba. Malamin da aka ce an ninka masa albashi, ya je kasuwa ya tarar an raba masa shi biyu.

Sa'an nan akwai ratar da ke tsakanin abin da majalisa ta amince da shi da abin da baitulmali ya saki. Kason gine-gine da gyare-gyare shi ne na farko da ake dannewa idan shekara ta yi tsauri, domin aji ba ya yajin aiki, benci ba ya zuwa gidan rediyo. Daɗin daɗawa, malami ya yi ritaya ko ya rasu, ba a ɗauki wani a gurbinsa ba, sai a haɗe aji biyu a hannun mutum ɗaya. A littafin lissafi an yi tanadi. A cikin ajin kuwa yara ne fiye da ɗari a gaban malami guda, na baya ba su jin abin da yake faɗa, shi kuma ba zai iya duba littafin ko da rabinsu ba. Babu wanda ya sanar da yanke kasafi, amma an yanke shi, kuma yaron da ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba shi ne shaidar hakan.

Inda uzurin "babu kuɗi" ya fi tonuwa shi ne wajen tallafin hukumar UBEC. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa Gwamnatin Tarayya ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na babban asusunta domin ilmin firamare da ƙaramar sakandare. Sharaɗin karɓar kaso mafi tsoka daga ciki shi ne jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta: ta kawo naira ɗaya, a ba ta naira ɗaya, ta yi aikin naira biyu. A ƙarshen 2024 shugaban hukumar na lokacin, Dokta Hamid Bobboyi, ya bayyana cewa fiye da naira biliyan 135 na shekarun 2020 zuwa 2023 suna ajiye, jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Ya kai mai karatu, wane ɗan kasuwa ne za a ce masa ya kawo jari a ninka masa nan take, ya yi shekaru bai zo ba, sa'an nan ya zauna yana kukan talauci? A ganinmu dalilin a fili yake. Wannan kuɗi ne mai ido a kansa. Sai an rubuta tsarin aiki, sai an faɗi makarantar da za a gina da adadin azuzuwanta, sai masu bincike sun zo sun gani kafin a saki na gaba. Kuɗin da ba a iya juya shi yadda aka so ba shi da farin jini a wurin wasu shugabanni, ko da kuwa na marayu ne.

Kuma a tuna, wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da kason da ake rabawa duk wata daga asusun tarayya ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, abin da aka raba wa matakan gwamnati uku a 2024 ya haura naira tiriliyan 15. Babbar hujjar da aka ba talaka lokacin da aka ninka masa kuɗin mota da na abinci ita ce, za a karkata kuɗin zuwa ilmi da lafiya. Talaka ya cika nasa ɓangaren alkawarin, domin ba a ma tambaye shi ba. Yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa inda aka cika ɗaya ɓangaren, a makarantar unguwarsu, ba a jawabin kasafi ba.

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa ba duk abin da mahukunta ke faɗa ne ƙarya ba. Bashin da ke wuyan gwamnatoci yana cin kaso mai yawa kafin a taɓa komi. Matsalar tsaro ta rufe makarantu da dama a Arewa, ta kuma janye kuɗi zuwa wani wajen. Yawan yara yana ƙaruwa kowace shekara. Malaman bogi a takardar albashi gaskiya ne akwai su, haka nan waɗanda aka ɗauka don siyasa alhali ba su iya abin da za su koyar ba. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ƙarƙashin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su ta ɗauki sababbi. Mutane sun saɓa a kan yadda aka yi abin, amma ba wanda ya isa ya ce matsalar babu ita. Sai dai muna tambaya: wa ya ɗauki malamin bogin? Wa ya sa hannu a takardar albashinsa shekara da shekaru? Ba ɗalibi ba ne, ba kuma hedimastan ƙauye ba. Abin da muka saba gani a wurare da yawa shi ne, da zarar aljihu ya yi zafi sai a ƙirƙiro "tantance ma'aikata", a dakatar da albashin kowa, malamin kirki ya bar ajinsa ya yi kwanaki a layi a sakatariya da takardunsa a leda, sa'an nan a ƙare ba a ji an gurfanar da ko mutum ɗaya daga waɗanda suka cusa sunayen ba. Tantancewar da ba ta hukunta ɓarawo, sai dai ta jinkirta haƙƙin mai gaskiya, wani salon rage kasafi ne kawai da aka sauya wa suna.

A nan muna so mu ja hankalin masu magana da yawunmu a wajen taruka da wa'azi. An saba cewa hukumar UNESCO ta wajabta ware kashi 26 cikin ɗari na kasafi ga ilmi. Wannan adadi ya yaɗu ƙwarai a ƙasar nan, amma ba shi ne ma'aunin da ƙasashen duniya suka amince da shi ba. Abin da aka tsayar a taron Incheon na ƙasar Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da gwamnati ke kashewa. Mai neman gyara ba ya buƙatar ƙari a kan gaskiya, musamman da yake kason ilmi a kasafin Tarayya daga 2016 zuwa 2024 bai taɓa kai ko kashi 10 ba. Kuma ko adadin ya kai, ba shi ne ƙarshen magana ba. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yunin 2024, ta ware wa fannin kusan kashi 30 cikin ɗari na kasafinta, abin da ya cancanci yabo. A wajen ayyanawar Gwamna Abba Kabir Yusuf da bakinsa ya ce ɗalibai miliyan 4.7 suna zaune a ƙasa babu kujeru. To ma'aunin da za a auna irin wannan alkawari da shi, a Kano ko a ko'ina, shi ne nawa aka saki, kuma yara nawa ne suka tashi daga ƙasa suka hau benci.

Akwai wata magana mai nauyi wadda ta shafe mu kai tsaye, kuma ba za mu kauce mata ba don gudun ɓacin ran wasu. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya naira biliyan 90 wajen tallafa wa aikin Hajji, kamar yadda Mataimakin Shugaban Ƙasa, Kashim Shettima, ya sanar. Ban da wannan, jihohi da ƙananan hukumomi sukan raba kujerun Makka ga 'yan siyasa da makusanta, har da wasu malamai, daga dukiyar jama'a. Mun san halin da maniyyata suka shiga a waccan shekara da faɗuwar naira, kuma ba mu raina damuwarsu ba. Amma kowane ɗalibin fiƙihu ya san Hajji yana wajaba ne a kan mai iko, wanda bai samu iko ba babu laifi a kansa. Yaron da ya kai shekarun karatu kuwa ba ya jira, shekarar da ta wuce shi ta wuce ke nan, kuma haƙƙinsa yana wuyan wanda aka ɗora wa amanar jama'a. Naira biliyan 90 ta kai kashi biyu bisa uku na kuɗin nan da jihohi suka kasa zuwa su ɗauka a UBEC. Shugaban da ya samu kuɗin kujerar Makka ga magoya bayansa, amma ya rasa kuɗin rufe ajin da iska ta yaye tun bara, bai rasa kuɗi ba, zaɓi ya yi. Malamin da ya karɓi kujerar kuwa, da wane baki zai tambaye shi zancen ajin idan sun dawo? Wannan ita ce ɓarnar da ta fi kuɗin kansa girma, domin tana sayen shirun waɗanda ya kamata su yi magana.

Su wa ke ɗaukar nauyin wannan zaɓi? Ba 'ya'yan masu yanke hukuncin ba ne, domin da wuya ka sami ɗan kwamishina ko ɗan sakataren ilmi a makarantar da ubansa ke kula da ita. Mai ɗan hali ya cire ɗansa ya kai makarantar kuɗi, ko da kuwa shago biyu ne aka tsaga aka kira su makaranta. Wanda ba shi da hali ya bar nasa inda yake, ana aiko masa da takardar kuɗin alli, kuɗin jarrabawa, kuɗin tsintsiya, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, har ranar da zai gaji ya ce yarinya ta ɗauki talla, yaro ya bi shi gona. Hukumar UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba su zuwa makaranta a Nijeriya, ƙiyasin UNESCO na 2022 kuma ya kai kimanin miliyan 20 idan an haɗa da 'yan sakandare, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Har wanda ya daure ya kai ƙarshe bai tsira ba: a Jihar Zamfara an riƙe sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekaru saboda bashin da hukumomin WAEC da NECO ke bin gwamnati, sai daga 2023 aka shiga biya. Makarantun tsangaya na zamani fiye da 150 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta fara buɗewa daga Gagi ta Sakkwato a 2012, da yawansu sun lalace saboda an gina, an yanke ƙyalle, ba a tanadi kuɗin tafiyar da su ba.

Abin mamaki, dokar nan ta 2004 ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta: gargaɗi da farko, sa'an nan tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, sa'an nan naira 5,000 ko wata biyu. Ta kuma haramta karɓar kuɗi daga ɗalibi. Amma gwamnan da ya bar kuɗin yara a Abuja shekara uku, ba mu ga inda aka tanadar masa ko gargaɗi ba. Sashe na 18 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati samar da ilmi kyauta, sai dai ya rataya abin a kan lokacin da hali ya yi, kuma a wannan ƙofa ce kowa ke ficewa. Duk da haka Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2010, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, cewa ilmi haƙƙi ne na kowane yaro a Nijeriya wanda ake iya nema a gaban shari'a.

Game da hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye maimakon ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, muna maraba da shi, domin wannan asusu ya daɗe yana zama inda gwamna ke cewa laifin shugaban ƙaramar hukuma ne, shi kuma ya ce bai ga kuɗin da idonsa ba. Amma ƙungiyar malamai ta ƙasa ta nuna tsoron kada a koma gidan jiya na 1991, ta nemi a riƙa cire albashin malaman firamare tun daga tushe kafin a taɓa sauran. Muna ganin tsoron nan yana kan hanya, kuma muna goyon bayan wannan buƙata.

Saboda haka muna kira ga rassanmu a kowace ƙaramar hukuma da kada su tsaya ga addu'a da ƙorafi a majalisar bakin titi. Kusan kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin al'umma mai sa ido a kan tafiyar da ita, kuma sau da yawa kujerun limami da na iyaye a ciki suna nan babu mai zama. A shiga. A ƙirga azuzuwa da malamai da ɗalibai, a rubuta, a sa kwanan wata. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardu, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. A rubuta wa sakataren ilmi da hukumar SUBEB ta jiha cikin ladabi, a tambaye su abu uku: nawa aka ware wa makarantun wannan ƙaramar hukuma bara, nawa aka saki daga ciki, kuma wace shekara ce ta ƙarshe da jihar ta biya nata kason ta karɓo na UBEC. Galibin gwamnoni sukan kai kasafinsu gaban majalisa ne tsakanin Oktoba da Disamba, don haka ya kamata amsoshin su kasance a hannun ɗan majalisar mazaɓarku, da sa hannun iyayen yara, kafin wannan lokaci.